Masu dukan nanaye da jitar Mdou Moctar, kun taɓa jin Anar kuwa?

1/ Akwai wata sabuwar ɗabi'a a dandalin nan da ta ishe ni. Mutum zai ɗora bidiyon Mdou Moctar yana kaɗa jita kamar zai tsinka wayoyinta, sai ya rubuta a ƙasa wai ga kiɗa na gaske, ba irin nanayenmu na Auto-Tune ba. To yau sai mun yi ta. Zaren da tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Magana ɗaya nake so in kafa. Duk wanda ya ɗauki Mdou Moctar ya mai da shi bulalar dukan waƙoƙin Hausa, bai saurari albam ɗinsa na farko ba. Da ya saurara, da kunya ta hana shi. Don a Sakkwato aka ɗauki albam ɗin, kuma cike yake da Auto-Tune ɗin da ake zagi.

3/ Ga wanda bai san shi ba: sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne daga jihar Tawa a Nijar, ya yi suna a Agadas. Bahago ne, da hagu yake kaɗa jita. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Da yaren Tamashek yake yawancin waƙoƙinsa.

4/ Yanzu sunan Mdou Moctar ya zama sunan ƙungiya ta mutum huɗu: shi kansa, Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, Souleymane Ibrahim mai ganguna, da Mikey Coltun, Ba'amurke mai jitar bas wanda kuma yake haɗa musu sauti. Ƙungiyar rock ce cikakkiya, ba wanda ke musu a kan wannan.

5/ Amma ba daga sama suka faɗo ba. Mu bi albam ɗinsu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ga inda abin ya samo asali. Ni ban ce ku yarda da ni ba. Ku buɗe Spotify ko YouTube ko Bandcamp, kunnenku ya yi alƙalanci.

6/ 2008, Anar. Saurayi ya tsallako iyaka ya zo Sakkwato ya shiga situdiyo. Wanda ya san hanya ya san ba wani nisa ba ne: Tawa, Ƙonni, Illela, Sakkwato. A lokacin situdiyoyin Arewa sun ƙware a abu ɗaya, waƙar fim: ganga ta na'ura, sauti mai santsi, murya a cikin Auto-Tune.

7/ Haka Anar ya fito. Jita ta Abzinawa, yare na Abzinawa, amma rigar da aka sa wa waƙoƙin ɗinkin Arewa ce. Ka rufe ido ka saurara, za ka rantse yanzu jaruma za ta fito daga bayan bishiya ta amsa baiti. Wallahi ba raha nake ba, ku je ku ji.

8/ Kuma ba kamfanin da ya fitar da shi a lokacin. Babu faifai a shago, babu talla. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, ta Bluetooth da memori, daidai yadda waƙoƙin Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka ratsa kasuwanninmu ta hannun 'yan dawunlodin.

9/ Ta wannan hanyar waƙoƙin suka tsallaka har arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds na birnin Portland, yana tattara waƙoƙin da ke cikin wayoyin mutane. Sai ya ci karo da wata waƙa mai suna Tahoultine.

10/ Ya sa ta a cikin tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones, wanda ya fito a faifai a 2011. Daga nan ya shiga neman mai muryar har ya same shi. Ku lura da kyau: abin da ya fara jan kunnen duniya zuwa ga Mdou ba kukan jitar lantarki ba ne. Muryar nan ce mai Auto-Tune.

11/ Wato ƙofar da ya bi ya fita duniya, kafintocin Sakkwato ne suka sassaƙa ta. Yau kuma ɗan Arewa ya tsaya a bakin ƙofar yana tofa mata yawu, wai shi mai ɗanɗano. Haba malam.

12/ Kada ku ce tsautsayi ne. Kamfanin nan dai na Sahel Sounds a 2013 ya fitar da faifai sukutum na waƙoƙin finafinan Hausa, sunansa Harafin So. Nanaye zalla. Turawa suka sa kuɗi suka saya suka jera a kanta. Mu kuwa muna nan muna jin kunyar a ji shi a wayarmu a cikin aji.

13/ 2013, Afelan. A Cintabaraden aka ɗauke shi, ba a situdiyo ba. Wani ɓangare jita ce ta katako a natse, wani ɓangare kuma kiɗan taro ne da jitar lantarki, sifika na ƙara har tana shaƙewa. A nan za ka fara jin Mdou ɗin da aka sani yau.

14/ Kuma ku dubi inda wannan zafin kiɗan ya girma: gidan biki. Mdou makaɗin biki ne kafin ya zama komai. A filin aure ya koyi yadda ake riƙe jama'a sa'o'i, yadda ake ƙara gudun kiɗa har ƙura ta tashi. Aikin da mawaƙanmu suke yi duk ƙarshen mako, wanda ake kira "waƙar biki kawai".

15/ In mawaƙin Kano ya yi waƙar amarya, sai a ce ba shi da fasaha, neman liƙi yake. In Mdou ya kaɗa abin da ya koya a bikin Agadas a gaban Turawa, sai a ce gwanin duniya. Bikin dai biki ne. Abin da ya bambanta shi ne wanda ya tafa.

16/ 2014, Sahel Sounds suka dawo suka buga Anar a faifai, shekara shida bayan an ɗauke shi. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa, don a nan ne ainihin abin da ke ci mini rai yake.

17/ 2015, fim. Akounak Tedalat Taha Tazoughai, ma'ana ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. A Agadas aka yi shi, an gina shi a kan Purple Rain, fim ɗin Prince na 1984. Mdou ne jarumin, yana yawo a kan babur da jita, kuma waƙoƙin fim ɗin sun fito a albam.

18/ Tsaya. Saurayi mawaƙi, uba ba ya son sana'ar, ga budurwa, ga abokin hamayya, ga waƙa a tsakiyar labari, kuma an aro ƙashin labarin daga fim ɗin wata ƙasa. Wannan bai yi muku kama da wani abu ba? In Kannywood ta yi, sunansa satar fasahar Indiya. In an yi a Agadas da darakta Ba'amurke, sunansa girmamawa.

19/ 2017, Sousoume Tamachek. A Portland ya ɗauke shi, shi kaɗai, shi ya kaɗa komai ya rera komai. Sanyi ƙalau, ba hayaniya. Wanda yake zaton Mdou ihun jita ne kawai, ya saurari wannan da daddare bayan an ɗauke wuta.

20/ 2019, Ilana: The Creator. A Detroit aka ɗauke shi, kuma shi ne na farko da aka yi a situdiyo da cikakkiyar ƙungiya. Daga nan ne jaridun waje suka fara kwatanta shi da Jimi Hendrix da Eddie Van Halen. Shekara 11 ke nan bayan Sakkwato. Yawancin masu cika mana baki daga nan tarihinsu ya fara.

21/ Ko kwatancen ma da gyara. Wanda ya sa Mdou ya so jita tun yana yaro shi ne Abdallah Oumbadougou, makaɗin Abzinawan Nijar. Kiɗan da ke ƙarƙashin yatsunsa takamba ne da salon jitar da su Tinariwen suka shimfiɗa. Ba Hendrix ya haife shi ba, a hanya suka haɗu.

22/ 2021, Afrique Victime, a kamfanin Matador na Amurka. Nan ne abin ya fashe. Chismiten, Tala Tannam, da ita kanta Afrique Victime mai fiye da minti bakwai. Ban da abin cewa a kan albam ɗin nan sai yabo. In ka ce yana cikin mafi kyawun rock na shekarun nan, ba zan yi maka gardama ba.

23/ Amma ga abin dariya. Da za su sayar da shi, har wata 'yar ƙaramar waya Nokia 6120 suka fitar da waƙoƙin a ciki, don tunawa da yadda kiɗansa ya fara yaɗuwa. Su suna alfahari da zamanin Bluetooth da memori. Kai da ka rayu a cikinsa kana ɓoye shi kamar abin kunya.

24/ Kuma rabin albam ɗin soyayya ce. Tala Tannam waƙar so ce. To ina masu cewa matsalar waƙar Hausa ita ce soyayya ta yi yawa? Don ba ka jin Tamashek ne ya sa kake zaton duk baitin da ya rera falsafa ce. Da za a fassara maka wasu, da ka ga abin da Hamisu Breaker yake faɗa ne da wani yare.

25/ Mayun 2024, Funeral for Justice. Wannan ya fi duk na baya zafi da fushi. Akwai Oh France, akwai Modern Slaves. Magana ce a kan mulkin mallaka da shugabannin Afirka da dukiyar da ake kwashewa. Ƙasar da aka fi shekara 50 ana haƙar yuraniyom a Arlit, amma ƙauyukanta da yawa ba lantarki.

26/ Kuma an gama ɗaukar albam ɗin kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kafin sojojin Faransa su fice daga Nijar a ƙarshen shekarar. Ba bin iska ya yi ba. Ya faɗi abin tun kafin ya zama abin da kowa ke rubutawa a dandali.

27/ A cikin albam ɗin nan akwai waƙa mai suna Imouhar. Kira ne ga Abzinawa su riƙe yarensu na Tamashek kada ya ɓace, kada 'ya'yansu su watsar da shi su rungumi na wasu. Dan Allah ku sake karanta wannan.

28/ Mutum ya hau manyan dandamalin duniya, har Coachella a 2024, yana roƙon mutanensa kada su raina harshensu. Kai kuma ka ɗauki bidiyonsa, ka rubuta da Turanci cewa kai ba ka iya sauraron waƙar Hausa. Ka ji kiɗan, saƙon ya wuce ta saman kanka.

29/ 2025, Tears of Injustice. Juyin mulkin ya same su suna rangadi a Amurka, aka rufe iyakoki, suka kasa komawa gida. Sai suka shiga situdiyo a Brooklyn suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice da jitar katako, a natse. Waƙoƙi iri ɗaya, riga daban.

30/ Wannan kaɗai ya isa hujja. Mutum ɗaya ya yi waƙa da Auto-Tune, ya yi da jitar katako, ya yi da lantarki har kunne na ƙara, ya dawo ya sake yi da katako. A wurinsa duk kayan aiki ne. Ku ne kuka mai da na'ura ta zama ma'aunin daraja.

31/ Na san abin da za a ce: "Ai shi ya iya kaɗa abu da hannunsa, naku kuwa kwamfuta ce ke yi musu komai." To mu yi gaskiya. E, akwai lalaci a waƙoƙinmu. Akwai kiɗa ɗaya da aka yi wa waƙa ɗari. Akwai wanda in aka kashe Auto-Tune ko kai ba za ka tsaya ba. Ban musa ba.

32/ Kuma gaskiya ne muna buƙatar matasa masu koyon kayan kiɗa da hannu. Ƙasar da ta fitar da Ɗan Maraya Jos, wanda ya riƙe duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, bai kamata a ce komai sai fiyano ba. Wannan suka ce mai amfani, ni ma ina yin ta.

33/ Amma suka daban, raini daban. Mai suka yana cewa wannan waƙar ba ta yi ba, ga dalili, ga wadda ta fi ta. Mai raini yana cewa duk abin da ya fito daga wurinmu ba kiɗa ba ne. Na farko yana so a gyara. Na biyu yana so a san shi ba irinmu ba ne.

34/ Auto-Tune ɗin ma ba a Kano aka ƙirƙire shi ba. Cher ta yi amfani da shi a Believe tun 1998, T-Pain ya gina sunansa a kansa, Kanye West ya yi albam guda da shi a 2008, shekarar da aka ɗauki Anar. Waɗannan ba ku ce musu 'yan nanaye ba. Ashe ba na'urar ce matsalarku ba.

35/ Matsalar ita ce jiran hatimi. Mdou yana nan maƙwabtanmu tun 2008. Bombino ɗan Agadas ya samu shiga takarar Grammy da Deran. Tinariwen sun ci Grammy a 2012 da Tassili. Yawancinmu ba mu waiwaye su ba sai da Turawa suka nuna mana da yatsa. Sannan muka zo muna yi wa juna burga da su.

36/ Yanzu in dawo kan abin da na ce ku riƙe. Me ya sa yau za ka iya buɗe waya ka ji Anar da sunan mai shi, da sunan kowace waƙa, da shekarar da aka yi ta? Don wani a Portland ya ɗauke shi da daraja, ya nemo mai shi, ya adana, ya buga.

37/ To waƙoƙi nawa aka ɗauka a situdiyoyin Sakkwato da Kano da Kaduna da Jos a shekarun nan? Ina suke? Memori ya lalace, kwamfutar situdiyo ta mutu, wayar ta faɗa ruwa. Wasu suna YouTube da sunan da ba na mawaƙin ba, hoton wani, ba shekara, ba sunan wanda ya yi kiɗan.

38/ Abin da ake raina ba a adana shi. Wannan shi ne kuɗin da rainin nan yake ci mana. Ba wai ran mawaƙi zai ɓaci ba ne kawai. Tarihin kunnen tsara guda ne yake zubewa, kuma masu ilimin da ya kamata su tattara shi su ne suka fi kowa toshe hanci.

39/ Nan da shekara 20, in ɗalibi yana son ya yi bincike a kan waƙar Hausa ta zamanin Bluetooth, kada ku yi mamaki in sai ya nemi izini daga wani ɗakin ajiya a Amurka ko Jamus. Ranar za mu zo nan mu yi ta kukan an sace mana al'ada. Ba sata ba ce in kai ka zubar a bola wani ya tsince.

40/ Kuma kada wani ya juya maganata. Ban ce Mdou Bahaushe ba ne, ban ce kiɗansa namu ba ne. Na Abzinawa ne, yarensu ne, tarihinsu ne, wahalarsu ce. Cewa na yi hanyarsa ta bi ta gidanmu, kuma shi bai taɓa goge wannan daga jerin albam ɗinsa ba. Anar yana nan, shi ne na ɗaya.

41/ Masu cewa rock kiɗan Turawa ne, mu ba ruwanmu, ku ma ga naku. Ga mutum da rawani, daga jihar da ke iyaka da Sakkwato, yana kaɗa shi da yarensa, manyan mujallun kiɗa na duniya suna sa shi a sahun gaba. Jita ba ta da ƙabila, sai dai hannun da ya riƙe ta.

42/ Ga aikin gida, tunda mun saba da shi. Ka saurare su a jere: Anar, Afelan, Sousoume Tamachek, Ilana, Afrique Victime, Funeral for Justice, Tears of Injustice. Kada ka tsallake na farko. In ka gama ka dawo ka gaya mini a wane albam ne ya "zama mawaƙin gaske".

43/ Aiki na biyu ya fi muhimmanci. Tsohon memorin nan da ke cikin durowa, na yayanka ko na mamanka, kada ka goge shi. Kwafe waƙoƙin, ka rubuta sunan mawaƙi da shekara in ka sani. In kana da ɗan uwa mai tsohon situdiyo, ka tambaye shi ina ya ajiye ayyukansa na da.

44/ 'Yan Sakkwato musamman, wannan tarihinku ne. Albam ɗin farko na ɗaya daga cikin manyan makaɗan jita na wannan zamanin a garinku aka ɗauke shi. Ya kamata a ce kowane matashi mai son kiɗa a garin ya san haka, yana faɗa da bakinsa.

45/ Ka so Mdou Moctar, ka ƙure sifika da Afrique Victime har maƙwabta su yi magana. Ka soki waƙar Hausar da ba ta yi ba, da sunanta da dalilinka. Amma in za ka ɗaga jitarsa ka doki nanaye, ka sani hannun da ya fara miƙa shi ga duniya kake duka.

46/ Wanda bai yarda ba, ga fili nan a ƙasa. Sharaɗi ɗaya ne: ka fara jin Anar tukuna, sannan mu yi magana.